Takawa Zuwa Farin Ruwa Na Wamba: Yadda Ake Zuwa, Da Yadda Ake Dawowa

A ƙaramar hukumar Wamba ta jihar Nasarawa, daidai inda tsaunukan Filato suke yankewa su fuskanci kudu, akwai wani ruwa da yake zubowa daga kan dutse mai tsayin kimanin mita 150. Shi ake kira Farin Ruwa. A tsayi ya ɗara shahararren ruwan nan na Victoria da ke iyakar Zambiya da Zimbabuwe, mai mita 108, ko da yake wajen faɗi da yawan ruwa ba a ma haɗa su. Mutanen Abuja sun san Gurara, matafiyan hanyar Jos sun san Assop na Hawan Kibo, 'yan Kafanchan suna da Matsirga. Waɗannan duk mota tana kai mutum dab da su. Farin Ruwa kuwa yana can cikin kurmi, bayan ƙauyuka da gonaki, kuma ƙarshen tafiyarsa da ƙafa ake yi. Shi ya sa za ku iya isa ku tarar ba kowa sai ku da ƙarar ruwa.

Wannan kaɗaici shi ne daɗin wurin, kuma shi ne ya sa sai an yi masa shiri. Yawancin masu irin wannan yawo, zuwan kawai suke shirya wa. Dawowa sai a bar ta ga "in mun je ma gani." Alhali a dawowa ne aka fi shiga wahala: ƙafa ta mutu, ruwan sha ya ƙare, rana ta karkata, rafin da aka tsallaka da safe ya kawo. Saboda haka duk matakan nan da ke tafe, da dawowa a zuciya aka tsara su.

Mataki na farko: zaɓen wata

Damina a wannan yanki takan faɗi wajen Afrilu, ta kankama a Agusta da Satumba, ta ɗauke wajen ƙarshen Oktoba. Ruwan kuma wannan lissafin yake bi. A tsakiyar damina yakan cika ya batse, feshinsa ya turnuƙe kwarin, ba ka jin maganar wanda ke kusa da kai. A Fabrairu da Maris kuwa yakan rame sosai, wanda ya sha wahalar hanya ya je a lokacin yana iya dawowa yana ƙunƙuni.

Hotunan da ke jan hankalin mutane a Facebook galibi na damina ne, amma ni ba zan tura wanda bai taɓa zuwa ba a Agusta ba. Hanyar burji ta jiƙe ta zama taɓo, rafuka sun cika, ciyawa ta fi mutum tsayi, kowane dutse ya yi gansakuka. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Disamba. Ruwan yana nan da ƙarfinsa, ƙasa ta fara tsanewa, daji bai bushe ba, hazon hunturu bai sauko ya dushe tsaunuka ba, kuma ba a shiga ƙunar daji gadan-gadan ba.

Akwai wani abu guda da ya kamata ya zauna maka a kai tun yanzu. Ruwan da za ka gani yana zubowa ba a nan aka yi shi ba. Daga saman Filato yake tahowa, ta ɓangaren Bokkos. Ma'ana, ana iya tafka ruwan sama can bisa tsauni, kai kana ƙasa cikin rana tsaka kana cin gyaɗa, ba ka da labari, sai bayan wani lokaci ruwan ya iso maka a fusace. Don haka in kana duba hasashen yanayi, na hukumar NiMet ne ko na wayarka, kada ka tsaya ga Wamba kaɗai. Duba Bokkos. In an ce akwai hadari a can ranar, ɗage tafiyar.

Mataki na biyu: nemi ɗan gari tun kana gida

Taswirar waya za ta kai ka Wamba. Daga nan kuma iliminta ya fara ƙarewa. Ba ta san gadar da ruwa ya cinye bara ba, ba ta san ko an yi rikici a wani ƙauye makon jiya ba.

Maganar tsaro ba abin ɓoyewa ba ce. Dazuzzukan da ke tsakanin Nasarawa da Filato da kudancin Kaduna sun sha fama da masu garkuwa da mutane da rikicin manoma da makiyaya, kuma yanayin yana sauyawa daga wata zuwa wata. Labarin wanda ya je bara ba zai amfane ka ba. Abin da kake bukata shi ne mutumin da ya kwana a Wamba jiya. Nemi malamin makaranta, ko ma'aikacin lafiya, ko direban da ke jigila tsakanin Akwanga da Wamba, ka yi masa tambayoyi kai tsaye: Ana zuwa Farin Ruwa a 'yan kwanakin nan? Yaushe rabon da baƙi su je? Mota tana shiga ko sai babur? Wa ake gani in an isa ƙauye? In ka ji amsar tana zuwa da jan numfashi da "to, sai dai addu'a," ka fahimci abin da ake gaya maka. Ruwan yana nan, ba inda za shi.

Ku kasance mutum huɗu zuwa takwas. Huɗu saboda in ɗaya ya ji ciwo, ɗaya ya zauna da shi, biyu su tafi neman taimako. In kun wuce goma kuma tafiya takan yi nauyi, ga jan ido. Sannan kada ku yi shelar rana da sa'ar tafiyarku a intanet. Hotuna sa jira ku dawo.

Ku bar wa wani a gida bayani a rubuce: sunayenku, lambar mota, lambar wayar wanda zai karɓe ku, da lokacin da in bai ji daga gare ku ba zai fara cigiya. A faɗi sa'ar ƙarara, misali ƙarfe bakwai na dare. "In ka ji shiru" ba lokaci ba ne.

Mataki na uku: kaya

Fara da ƙafa, don ita ce za ta dawo da kai. Silifas da takalmin fata mai sulɓin ƙasa su zauna a mota. Kambas mai zanen ƙasa sosai ake so, wanda ya rufe ƙafa ruf, kuma wanda ka riga ka saba da shi. Sabon takalmi a irin wannan tafiya kan tashi da bororo tun ba a yi rabi ba. Sa safa mai kauri, ka riƙo wata a leda.

Dogon wando mai kauri, riga mai dogon hannu, hula. Kaftani da babbar riga ba na nan ba ne. Mata kuma su lura da wannan: dogon hijabi mai jan ƙasa da zani suna kama ƙaya, suna harɗe ƙafa a kan dutse, in sun jiƙe kuma nauyi suke yi. Wando mai faɗi da doguwar riga zuwa gwiwa da hijabin da ya tsaya a ƙugu sun wadatar da sutura, sun kuma bar ƙafa ta yi aikinta.

Ruwan sha, kowane mutum lita uku, ba na taron dangi ba. Mai tafiya cikin zafi yakan bukaci kamar rabin lita a kowace awa. A zuba a gorar roba mai murfi, domin fiya wata tana fashewa a jaka, ledarta kuma ita ce ta ɓata yawancin wuraren shaƙatawarmu. Haɗa da 'yan ƙunshin ORS, wato garin gishiri da sukari na mayar da ruwan jiki. In babu, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

Guzuri mara nauyi mai riƙe ciki: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, dafaffen ƙwai, ayaba, burodi. Garin kwaki da sukari ma ba a raina shi. Kilishi yana da daɗi a bakin ruwa, amma ƙishirwa yake jawowa, a ci kaɗan.

Sauran su ne tocila ta gaske da ƙarin batir ko da kuwa kun ƙudura dawowa da rana, fawa bank, usur, ledar da za a ƙulle waya a ciki, man korar sauro, bandeji, filasta, aidin, farasitamol, da maganin duk wanda ke da asma ko ciwon sukari ko hawan jini. Katin shaida saboda shingayen bincike. Kuɗi a hannu, kuma canji, don a ƙauye kada ka dogara da POS ko tiransifa. Sauke taswirar yankin a waya tun kana inda ake da sabis. Sanda kuwa a can za ka samu.

Mataki na huɗu: hanyar mota

Daga Abuja, Keffi za ka bi zuwa Akwanga, sannan ka ɗauki hanyar Wamba. Mai tahowa daga Kano ko Bauchi yakan biyo ta Jos, ya gangara Hawan Kibo ya sauka Akwanga. Daga Lafiya, babban birnin jihar, ana lissafa kimanin kilomita 120 zuwa wurin ruwan, daga garin Wamba kuwa kimanin 30. Kada talatin ɗin nan ta ruɗe ka. Bayan Sisinbaƙi, in an bar babbar hanya an nufi ƙauyukan Marhai da Masenge, tafiya ba ta sauri, kuma da awa ake auna ta. Mota mai tsayi ake bukata, ko a ajiye mota a hau acaɓa. In acaɓa za ku hau, ku yi ciniki na zuwa da dawowa, ɗan acaɓan ya jira ku, a biya shi rabi yanzu rabi in an dawo.

Shawarata ita ce a kwana a Akwanga, inda ake da masaukai, a tashi bayan asuba da zarar gari ya waye. Wanda ya baro Abuja da ƙarfe tara na safe yana nufin zuwa ya dawo a ranar, ya riga ya cinye lokacin dawowarsa tun kafin ya ga ruwa. A zamanin gwamna Abdullahi Adamu, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, gwamnatin jihar ta gina 'yan ɗakunan baƙi kusa da wurin, ta kuma fara aikin samar da lantarki daga ruwan. Amma kada ka tsara tafiyarka a kan kwana a can. Tsara ta a kan kasancewa bisa kwalta kafin magariba.

Mataki na biyar: gaisuwa da ɗan jagora

In kun isa ƙauyen ƙarshe, kada ku sauko daga mota ku miƙe daji kamar gonar gado. Wurin yana da masu shi. Ku tambayi gidan mai unguwa ko dagaci, ku yi sallama, ku gaisa a natse, ku faɗi daga inda kuke da abin da ya kawo ku. "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu, mun zo ganin ruwa, muna neman izini da wanda zai raka mu." 'Yar gaisuwa ta goro ko abin sayen goro ba ta ɓaci. Ƙabilun yankin suna da harsunansu, amma Hausa tana yi maka aiki ko'ina. Minti goma sha biyar ɗin nan da wasu ke gani ɓata lokaci, su ne suke sa gari ya san akwai baƙi a daji, ya kuma lura in ba su fito ba.

Ɗan jagora wajibi ne, ko da wani a cikinku ya taɓa zuwa. Hanyar daji tana sauya kama bayan kowace damina. An fi son mafarauci ko manomin da gonarsa ke ta wannan ɓangare. A daidaita kuɗinsa a gaban mai unguwa kafin a tashi. Sannan a tambaye shi: tafiyar awa nawa ce? Rafi nawa za a tsallaka? Ina ne sabis yake yankewa? Akwai inda ba a so baƙo ya taka ko ya ɗauki hoto? In ya ce akwai, a kiyaye, ba sai an nemi dalili ba.

Wani abu game da amsarsa ta farko. In mutumin ƙauye ya ce maka "nan ne kusa," da ƙafarsa yake aunawa, ƙafar da ke zuwa gona kullum. Ninka abin da ya faɗa sau biyu.

Mataki na shida: yanke sa'ar juyowa

A nan, tun ba a ɗaga ƙafa ba, ake yanke hukuncin da ya fi kowane muhimmanci a tafiyar. A watan Nuwamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida a wannan yanki, a cikin kwari mai itatuwa kuwa duhu yakan riga haka. Sai ku yi lissafi daga baya. Kuna son kasancewa a kan kwalta da ƙarfe biyar. Cire lokacin da hanyar burji ta ci muku da safe. Cire lokacin takawa, ka ƙara masa rabinsa, domin gajiyayye ba ya saurin da ya yi da safe. Cire wata awa guda ta ko-ta-kwana, saboda faci ko targaɗe. Abin da ya rage shi ne sa'ar barin bakin ruwa, kuma galibi takan faɗo tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu na rana.

A faɗe ta da baki kowa ya ji, a sa ƙararrawa a waya. In sa'ar ta yi ba ku ma isa ruwan ba, juyowa za ku yi. Wannan yana da ciwo, musamman in ana jiyo ƙarar ruwan. Dalilin yanke ta tun a ƙauye ke nan, lokacin da hankali ke kwance, domin a bakin ruwa kowa lauya ne, kowa yana da hujjar ƙarin minti goma.

Mataki na bakwai: cikin kurmi

A yi addu'a a kama hanya. Jagora a gaba, wanda ya fi kowa rauni a bayansa, wani mai ƙarfi da natsuwa a ƙarshe. Saurin ayari shi ne saurin mai rauninsa. Ba a wuce jagora, ba a barin na baya ya ɓace wa ido, wanda zai kewaya kuma ya faɗa a tsaya masa. A hanyar daji mai hawa da sauka, kilomita biyu zuwa uku a awa tafiya ce mai kyau. A riƙa kurɓar ruwa tun ba a ji ƙishirwa ba, a huta kaɗan-kaɗan, kada a zauna har jiki ya yi sanyi.

Lokaci-lokaci ka waiwaya ka kalli hanyar da ka baro. Mararrabar da ka wuce da safe tana da wata fuska dabam in ka fuskance ta daga ɗaya ɓangaren. Ɗauki hoton kowace mararraba kana kallon baya.

Game da maciji, tsoron ya fi haɗarin yawa, amma haɗarin na gaske ne. Kububuwa da kasa da gamsheƙa duk akwai su a wannan shiyya. Kasa ba ta gudu, kwanciya take yi cikin busasshen ganye, taka ta ake yi. Don haka ka bi inda jagora ya taka, ka riƙa buga sanda a gabanka cikin ciyawa, kada ka zura hannu a kogon dutse ko ƙarƙashin gungume, in za ka haye gungume kuma ka fara hawa kansa ka duba bayansa kafin ka sauka.

In tsautsayi ya faɗa, abin da aka saba yi a gida shi ne ainihin abin da ba a so. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure ƙafa tamau da igiya ko roba, ba a tsayawa neman baƙin dutse ko maganin shafawa. A kwantar wa mutum da hankali, a cire zobe da agogo da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura, a ɗora wa gaɓar karan-ɗori don kada ta motsa, a ɗauke shi a kai shi asibiti. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, kuma mutum yana iya ganin kamar ba komai na wasu awoyi kafin jini ya fara fita ta dasashi ko fitsari. Saboda haka ba a ba shi asfirin ko ibuprofen, kuma ba a cewa "ai ya warware." Maganin dafi na allura shi ne magani. Akwai babban asibiti a Wamba da Akwanga, akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Keffi da asibitin koyarwa a Jos. Tun a mataki na biyu ka tambayi ma'aikacin lafiya wanne ne yake da allurar a hannu a lokacin.

Ƙananan abubuwa sun fi yawan damun mutane. Ƙarara, mai kwanson nan mai gashi, in ta taɓa fata sai mutum ya manta da abin da ya kawo shi, kuma lokacin kaka take bushewa. Kwarkwasa in ka ga layinta, tsallake, kada ka tsaya kallo. In kun ji kukan zuma a kogon itace ko dutse, ku wuce shiru, turare mai ƙarfi ma a bar shi a gida. In kun haɗu da makiyayi da shanunsa, a yi sallama, a ba shanu hanya. Gonar mutane kuma ba a ratsa ta, ba a tsinkar komai a cikinta.

Mataki na takwas: tsallaka rafi

Tsaya ka karanta ruwan kafin ka sa ƙafa. Wurin da ya fi faɗi galibi shi ya fi rashin zurfi da rashin ƙarfi, inda ya tsuke kuwa nan ƙarfinsa yake. Dubi abin da ke ƙasa da mashigin: in ka zame, ina ruwan zai kai ka? In duwatsu ne ko gangare ko itacen da ya faɗo, nemi wani wuri. Ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa ba na shiga ba ne.

Kada ka cire takalmi, jiƙewarsa ta fi yankan ƙafa sauƙi. Sassauta igiyoyin jaka yadda za ka iya yar da ita nan take. Fuskanci inda ruwa ke tahowa, kafa sanda a gabanka, ka riƙa matsawa gefe-gefe, ƙafa ɗaya ba ta tashi sai ɗayar da sandar sun kafu. A tsallaka ɗaya bayan ɗaya. Ba a ɗaura wa mutum igiya a ƙugu, domin in ya faɗi ita za ta danne shi a ƙarƙashin ruwa. Tsalle daga dutse zuwa dutse kuma, da shi aka fi samun karaya.

In kun haye, kafa wani tsinke daidai bakin ruwan. Da shi za ku gane a dawowa ko ya ƙaru.

Mataki na tara: a bakin ruwa

Tun daga nesa za ku fara jin sa, sannan iska ta sauya ta yi sanyi, sannan feshi ya fara sauka a fuska. In itatuwa suka buɗe kuka gan shi, ku ɗan tsaya. Mutane da yawa sukan zaro waya tun ba su kalli abin da idonsu ba.

Kafin a baje guzuri, a yi abu biyu. A sake kafa alama a bakin ruwa, sannan a duba ta ina za a haura tudu da gudu in ta kama. Alamun ruwa na tahowa daga sama su ne: farin ruwa ya fara komawa ja ko ruwan ƙasa, ganyaye da ƙirare su fara biyowa, ƙara ta ƙaru, alamar da kuka kafa ta nutse. Ko ɗaya aka gani, a bar kaya a hau tudu. Ba a bin kwari a gudu, ruwa ya fi kowa sauri. In an ji tsawa ma, a fita daga ruwa, a bar kan dutse da gindin dogon itace.

Batun wanka, ra'ayina a bayyane yake: a tsaya a gefe, inda ruwa bai wuce gwiwa ba, inda jagora ya nuna. Gindin irin wannan ruwa ba kamar kogin garinku ba ne, ko da kai gwanin iyo ne. Ruwan da ya cika da kumfa ba ya ɗaukar jiki kamar sauran ruwa, nutsewa ake yi a cikinsa. Inda yake faɗowa kuma yana juyawa ne, ya ja mutum ƙasa, ya dawo da shi, ya sake ja. Ga sanyin da ke ɗauke numfashi, ga duwatsun da ba a gani. Ba a alkafura, ba a faɗawa daga kan dutse. In wani ya zame, kada a bi shi. A miƙa masa doguwar sanda ko a jefa masa bakin rawani ko zani ana riƙe da ɗaya bakin, ana kwance a kan tudu. Sau da yawa gawa biyu ake cirowa a inda mutum ɗaya ya faɗa.

Dutsen da feshi ke jiƙawa kullum santsinsa ya wuce yadda ido ke gani, baƙi-baƙin nan da kore-koren su suka fi. Mai ɗaukar hoton kansa yana ja da baya yana kallon waya, shi ya fi kowa shiga haɗari. Tsaya da ƙafafunka daram tukuna, sannan ka ɗaga waya. Hawa jikin dutsen don a leƙo daga sama kuwa, a bar shi kwata-kwata.

Ruwan yana da kyan gani, amma ya ratso gonaki da mashayar shanu kafin ya iso. In dole ta sa za a sha, a tafasa shi ya yi minti guda yana tafasa, ko a jefa ƙwayar tsabtace ruwa a jira rabin awa. Kududdufan da ruwa ya kwanta a gefen hanya kuma a guji shiga, a irinsu ake ɗaukar tsargiya. Akwai wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu cizon ƙafa da ke hayayyafa a ruwa mai gudu, waɗanda a da suke yaɗa cutar makanta a wannan shiyya. A 2018 an daina rabon maganin cutar a jihohin Filato da Nasarawa bayan an tabbatar an katse yaɗuwarta, amma cizon yana nan da ƙaiƙayinsa, shi ya sa dogon wando da safa.

Alwala a irin wannan wuri tana da daɗi, a yi ta a inda ƙafa ta kafu. Alƙibla gabas take maso arewa. Wanda ya taso daga Abuja ko Jos ko Kano matafiyi ne, yana da sauƙin ƙasaru. Bayan gida kuwa a yi nesa da ruwa sosai, a tona a binne, domin akwai ƙauyukan da ke sha daga ƙasa. Kowa ya mayar da sharar da ya zo da ita cikin jakarsa.

Mataki na goma: dawowa

Ƙararrawa ta buga, a tashi. A ƙirga mutane, a canza safa, a ci wani abu mai zaƙi, a duba ruwan sha. In an yi daidai, fiye da sulusinsa yana nan. Tsarin layi bai canza ba, sai dai a ƙara sa ido, domin yanzu ne hira take yawa, ido yake barin ƙasa, gwiwa take rawa a gangare. A gajarta taku. Wanda ya fara ciwon kai, jiri, ko ɗaurewar jijiya, a zaunar da shi a inuwa a ba shi ORS. In ya fara sambatu ko jikinsa ya yi zafi rau, a jiƙa shi da ruwa a yi masa fifita, a nemi kai shi asibiti da gaggawa.

In kun iso rafi kuka tarar tsinkenku ya nutse, ruwa ya yi ja, kada ku shiga don kawai mota tana tsallake. Irin wannan ruwa yadda ya zo da sauri haka yakan janye cikin 'yan awoyi. Ku hau tudu ku jira, wannan ita ce ranar tocila da ragowar dabino. Wanda ya rabu da ayari kuma ya tsaya inda yake, ya busa usur sau uku, ya saurara, ya sake. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, amma sai inda sabis ya kai, kuma mutanen ƙauye ne za su fara isowa.

A ƙauye, a cika wa jagora kuɗinsa har da ɗan ihsani in ya kyauta, a karɓi lambarsa saboda masu zuwa a baya, a koma a sallami mai unguwa don ya san kun fito. Da zarar sabis ya dawo, a kira na gida kafin a fara tura hotuna. Da dare a duba jiki saboda kaska, musamman bayan gwiwa, hammata da ƙugu, a wanke duk wani ƙurji ko yanka da sabulu. In zazzaɓi ya taso cikin mako biyu da dawowa, a je a yi gwajin maleriya, a kuma gaya wa likita cewa an shiga daji an taɓa ruwan rafi.